Likitar Ɗana Ta Daina Ganinsa Tun Da Ya Zo Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ɗana a Amurka yake zaune, kuma ya daɗe yana fama da ciwon damuwa. Akwai likitar da suke zantawa ta bidiyo duk mako. Ya zo gida rasuwar mahaifinsa, zai yi wata biyar. Tana jin yana Kamaru ta ce sai ya koma za su ci gaba. Yanzu ba ya barci, abinci sai na matsa masa, maganinsa kuma ya kusa ƙarewa. Wayar nan ai ita ce dai. Wannan ba wulaƙanci ba ne?
Wata uwa, unguwar Yelwa, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya ba yaron lafiya.

Ba wulaƙanci ba ne, doka ce ta ɗaure mata hannu. A Amurka kowace jiha ke ba da lasisinta, kuma abin da ake dubawa shi ne inda mara lafiya yake zaune a lokacin ganawar. Ko jihar da ke maƙwabtaka da tasu ya shiga, za ta iya faɗa masa haka. Shi ya sa jihohi sama da 40 suka shiga yarjejeniyar PSYPACT, don masana halayyar ɗan Adam su iya duba mutum a wata jihar ta intanet. Yarjejeniyar ba ta tsallake iyakar Amurka ba. Mu ma nan likita ba ya aiki sai da rajistar Ƙungiyar Likitoci ta Ƙasa, kamar yadda na Najeriya ke da tasu hukumar, MDCN.

Dokar tana da dalili. Idan ɗanki ya ce mata a daren nan zai cutar da kansa, wa za ta kira a Garwa? Ba ta san asibiti ba, ba ta san maƙwabci ba. Amma raina yana sosuwa, domin mu da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi wa ƙaranci, yawancinsu suna Yawunde da Duwala, mu ne intanet ya kamata ya fi taimaka wa, kuma mu ne iyaka ta fi tarewa. Ɗan Kusiri yana hango Injamena daga bakin kogi, gadar Ngeli kawai ce a tsakani, amma a takarda likitan can na wata ƙasa ne.

Kada ya ɓoye mata inda yake don ta ci gaba da ganinsa. Ya rubuta mata yau, ya nemi taƙaitaccen bayanin jinyarsa da ainihin sunan sinadarin maganin da yawan da yake sha, domin sunan da ke jikin kwali a can ba lallai a san shi a farmasinmu ba. Ku kai takardar babban asibiti, ku tambayi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ko ba likitan fannin, a tambayi ma'aikacin jinya da ya karanci wannan aiki. Likitan nan ne zai rubuta masa odonans, wato takardar sayen magani. Da izinin ɗanki, likitan nan da likitar can za su iya tuntuɓar juna, likita da likita.

Maganin nan ba a yanke shi farat ɗaya, don haka kada ku jira ƙwaya ta ƙarshe, kada kuma a saya a hannun masu tebur a kasuwa. Addu'a ku ci gaba da ita tare da magani. In kin ji yana cewa ya gaji da rayuwa, Hajiya, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki, ki kira kawunsa ku kai shi asibiti a ranar.