Wayarki ta isa ƙirga taku, ki bar agogon bogi a kasuwa

Tambaya: Likita ya ce in riƙa tafiya saboda hawan jini. Dole sai na sayi agogon zamani mai ƙirga taku? Ba ni da hali, abin yana damuna.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, wayarki ta isa. Yawancin wayoyin Android suna da na'urar jin motsi a ciki. Ki sauke manhaja irin Samsung Health, ki ba ta izinin bibiyar motsin jiki, sannan ki ɗora akwatin ƙirgar a fuskar waya, kusa da lokaci. Duk sanda kika ɗauki waya don duba WhatsApp, lambar za ta tuna miki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Wayar ta kasance a jikinki. In ƙirgar tana tsayawa, tsarin tanadin batir ne ke kashe manhajar, ki cire ta daga cikinsa. Tafiya a adaidaita sahu kan hanya mai gargada kuma tana ƙara takun ƙarya.

Tambaya: Na ga agogo mai araha, an ce yana auna hawan jini da suga. In saya wa Baba?

Amsa: Kada ka saya, Malam. Wannan abu yana ci mini rai. Kafin ka biya, ɗaura agogon a jikin kwalbar lemo ko ka ajiye shi kan tebur. In ya nuna bugun zuciya 75, lambobi kawai yake ƙirƙira. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da agogo ko zobe mai da'awar auna suga ba tare da huda fata ba. Ka duba haɗarin: dattijo ya ga lamba mai kyau, ya ajiye maganinsa, sai a wayi gari ya faɗi. Kuɗin nan ka ƙara, ka saya masa na'urar awon jini mai ɗauri a dantse a kantin magani mai rajista.

Tambaya: In na girgiza waya taku yana ƙaruwa. Ya shiga lissafi?

Amsa: Wa kake yaudara? Tashi ka taka zuwa masallaci da ƙafa.