Mafitsarar ɗan da ke ciki ta kumbura, ni kuwa ina Jidda

Tambaya: Malam, ina aiki a Jidda, mai ɗakina tana Jos wajen mahaifiyata. Cikinta wata uku, an yi mata hoto, likita ya ce mafitsarar ɗan ta yi girma fiye da ƙima. In ajiye aiki in dawo, ko in nema mata bizar ziyara ta zo nan?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya raba su lafiya. Kada ka ajiye aikinka, kada kuma ka zuba kuɗi a biza tukuna. Ka sa ta turo maka takardar hoton ta WhatsApp, ka duba inda aka rubuta tsawon mafitsarar. Tsakanin mako 11 da 14, in ya kai milimita 7 ake cewa ta kumbura. Daga 7 zuwa 15, matuƙar ƙwayoyin halittar ɗan lafiya suke, kusan tara cikin goma kumburin kan baje da kansa. In ya haura 15 ne ake zargin toshewar hanyar fitsari, galibi wata 'yar fata da ke tare mafitar fitsarin ɗa namiji.

Abin da likita zai fi sa wa ido shi ne ruwan da ɗan ke kwance a ciki. Daga tsakiyar goyon ciki, yawancin ruwan nan fitsarinsa ne, kuma da shi huhunsa ke girma. In ruwan ya ja baya, huhu da ƙoda na cikin haɗari. Saboda haka ta koma awo a JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a riƙa maimaita hoton, ta kuma haihu a can kusa da likitocin jarirai, domin in toshewa ce za a sa masa robar fitsari da wuri, daga baya a buɗe hanyar.

Bizar ziyara kuwa, inshorarta ta larurar gaggawa ce, awo da haihuwa na iya faɗowa aljihunka, ga ta babu uwa babu 'yar'uwa a kusa. Gara ka tattala hutunka zuwa watan haihuwa. Tun yanzu ka zauna da kafilinka, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka a Saudiyya, kan bizar fita da dawowa, ka tabbata igamarka, wato takardar izinin zamanka, ba za ta ƙare kana gida ba.

Ka kuma roƙi Hajiya cikin ladabi kada a ɗura mata jiƙe-jiƙe. Ka riƙa kiran matarka kullum, ka faɗa mata da bakinka cewa ba wani abu da ta ci ko ta aikata ne ya jawo wannan ba.