Jiki Magayi, Matar Mutum da Kulɓa: Amsa ga Ɗaliban Adabi

Wani ɗalibin babbar sakandare daga Funtuwa ya rubuto yana cewa: "Allah ya gafarta Malam, mun gama karanta Jiki Magayi sai gardama ta kaure a ajinmu. Wasu sun ce jikin Malam Shehu ake nufi, wasu sun ce na Abubakar. Mene ne magayi, kuma wa jikinsa ya gaya masa?"

Ɗana, magayi daga "gaya" ta fito, kamar yadda manomi ya fito daga noma, maɗinki daga ɗinki. Magayi shi ne mai gaya maka abu. In Bahaushe ya ce jiki magayi, nufinsa wanda aka yi wa magana da baki ya toshe kunne, to jikinsa zai isar masa da saƙon. Ai ka sha jin iyaye mata na cewa "jikinka zai gaya maka" in yaro ya ƙi jin kira. Akwai 'yan'uwanta biyu: "jiki ya fi kunne ji" da kuma "wanda bai ji bari ba ya ji hoho".

Littafin na John Tafida ne da Rupert East, yana cikin guda biyar da suka fito bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. A labarin, Malam Shehu ya sa dukiya ya raba Abubakar da masoyiyarsa Zainab ya aure ta, Abubakar ya bazama neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu, ya lalace da sata har ya zama ajalin ubansa. A kan wannan, 'yan ajinku masu cewa Malam Shehu sun fi kusa da abin da mai jarrabawa zai so ya gani, domin shi ne ya take haƙƙin wani da gangan. Masu cewa Abubakar su ma ba su yi ɓatan kai ba, tunda ƙuruciyarsa a yawon neman ramuwa ta ƙare.

Amma abin da ya ba ni mamaki, aji guda kuka raba gardama tsakanin maza biyu, ba wanda ya tambayi Zainab. Ita aka yi ciniki a kanta, ita ta haifi ɗan da aka lalata, ita aka mayar gwauruwa. Kyauta kuwa ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka ƙulla gabar. Karin maganar ta ce mai laifi ne zai ji a jikinsa, labarin kuwa ya nuna marasa laifi sun riga shi ji. In ka rubuta wannan a takardar amsa, ka kafa hujja da abin da ya faru a littafin, malamin kirki ba zai hana ka maki ba.

Wata ɗaliba daga wata kwalejin ilimi ta ce sun yi muhawara kan auren dole a darasin wasan kwaikwayo, sai samarin ajin suka rufe mata baki da "matar mutum kabarinsa". Tana tambaya ko da gaske maganar na nufin yarinya ba ta da ta cewa.

'Yata, sun ɗauko maganar daga inda take zaune sun kai ta inda ba a gayyace ta ba. Ma'anarta ita ce, kamar yadda ba mai shiga kabarin wani, haka ba mai auren matar da aka rubuta wa wani. Magana ce ta ƙaddara. To amma ki lura da lokacin da Hausawa ke faɗinta. Ana faɗa wa saurayin da ya yi shekaru yana zarya, ya kai toshi, ƙarshe wani ya aure ta, don a sanyaya masa zuciya. Ana kuma faɗinta cikin mamaki, in mutumin Sakkwato ya je fatauci Kumasi ya dawo da mata. Duk bayan abu ya riga ya auku ne. Uban da ya faɗe ta tun kafin ɗaurin aure, alhali yarinya na kuka, ya mai da zaɓinsa ƙaddara ne kawai, domin shi ma bai leƙa Lauhul Mahfuz ba.

Hukunci na malaman fikihu ne, ni harshe na karanta. Sai dai hadisin Khansa'u bint Khizam sananne ne, yana cikin Bukhari: mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. In kuwa da karin magana suke son a yi, bakin da ya ce matar mutum kabarinsa shi ne ya ce "son maso wani ƙoshin wahala". Ki ba su wannan su juya.

Na ƙarshe wani ne daga Kaduna, ya ce shi a birni ya tashi, bai taɓa ganin kulɓa ba, kuma sunan wasan kwaikwayon nan Kulɓa Na Ɓarna ya yi masa kama da maganar da ba a ƙarasa ba.

Ba a ƙarasa ɗin ba ne. Cikonta shi ne "ana cewa jaba ce". Kulɓa 'yar'uwar ƙadangare ce, jikinta sumul yana sheƙi, tana sulalewa ba motsi. Jaba kuwa kamar ɓera take, ga dogon baki, ga wari, ga tsuwa, ko ba ta taɓa komai ba kowa ya san ta shigo ɗaki. Saboda haka laifin mai kyan gani a kan mai baƙin jini yake sauka. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda masu kallon talabijin suka sani da Kasagi, ya fitar da wasan a 1979, a kan masu kuɗin da ke yaudarar 'yan mata 'yan makaranta da abin duniya. Ya gutsure rabin maganar ne don ya san mai karatunsa zai cika da kansa. Kai da ba ka san cikon ba, koma ka sake karantawa, kana lura da wanda mutanen wasan suka fi zagi da wanda suke rusuna wa in ya fito daga mota.