Madubinka Ya Isa, Ƙafar Ce Abin Dubawa

Ka tambaye ni ko ƙaramin madubin hangen nesan da ka saya, mai baki milimita 80, zai iya ɗauko hoton gungun taurarin Andiromeda, ko kuwa sai ka tara kuɗi ka sayi babba. Yaro, wannan tunaninku ne na 'yan zamani, da kuke zaton girman kaya shi ne gwaninta. Hasken Andiromeda yana yin tafiyar shekara wajen miliyan 2.5 kafin ya iso mana, amma faɗinta a sama ya kai kusan ninki shida na cikakken wata, don haka babban madubi yanke maka gefenta zai yi. Naka ya isa. Ƙafar da za ka ɗora shi a kai ita ce abin dubawa, domin sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa, kai kuma dole ka bar kyamara a buɗe minti ɗaya ko biyu, ka maimaita sau da yawa, sannan ka haɗa hotunan a kwamfuta. In ƙafar ba ta bin taurari daidai, za su ja layi a hoton.

Shekarun baya na sayar da babur ɗina na sayi ƙafa mai injin bin taurari a hannun wani dillali, wanda ya rantse mini cewa ba a taɓa ɗora mata komai ba. Na haƙura har ƙarshen Oktoba, lokacin da damina ta wanke sama, hazon hunturu kuma bai sauko ba. A daren da babu farin wata na yi hayar mota zuwa bayan dutsen Kufena domin in guje wa fitilun Sabon Gari da Tudun Wada. Tauraron arewa a nan Zariya digiri 11 kacal yake ɗagowa daga ƙasa, sai da na durƙusa cikin ƙarangiya kafin in saita ƙafar da shi. Awa uku ina zaune sauro yana cizona. Da gari ya waye na buɗe hotunan, sai na tarar kowane tauraro ya ja wutsiya kamar talibambam. Na kwance injin, na ga haƙoran giyarsa sun cinye, an danƙara musu giris don kada a ji suna wasa. Da na mayar wa dillalin, ya dubi tsabar idona ya ce ai ciniki ya riga ya faɗa. Kafin in haɗa kuɗin gyara hazo ya rufe sama, shekarar ta wuce ni, ga babur babu. Har yau in na hango shi a wajen ɗaurin aure, tabarma nake sauyawa.

Saita fokas da ɗaukar hoton duhu bayan an rufe bakin madubi ba zan tsaya ina yi maka bayaninsu ba, wanda ya yi wata guda a shagona ya san su. Kada dai ka biya ko sisi kan ƙafa sai ka gwada ta da dare: ka auna tauraro mai haske, ka buɗe kyamara minti biyu, ka faɗaɗa hoton, in bai fito a dunƙule ba ka bar wa mai ita kayarsa. Ka kawo wadda kake son saya ranar Alhamis bayan sallar isha'i, kuma ka bar wayar nan taka a aljihu, haskenta yana kashe ido.