Shanya wa kunkuru abincin rani: abin da za a busar da abin da za a bari

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da kunkuru biyu a gidanmu da ke unguwar Birni, nan Damagaram. Babban ya kai taƙi biyu, ƙaramin bai cika taƙi ɗaya ba. Da damina suna kiwo a tsakar gida, amma da rani sai salati da ɓawon kankana da ragowar tuwo. Ina so in riƙa shanya mangwaro, tumatir, karoti da kabewa lokacin da suke araha in ajiye musu. Yaya zan yi kada su lalace, kuma nawa zan riƙa ba su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarar tanadi ta yi, sai dai jerin kayan da kika lissafa yana son gyara kafin a kai ga shanya. Kunkurun da aka fi ajiyewa a gidajen yankinmu shi ne babban kunkurun Sahel, mai ƙahonni a bayan cinya, wanda har yanzu ake samu a daji wajajen Termit. Shi ne mafi girma cikin kunkurayen da ke zaune a doron nahiya, wato ban da na tsibirai, namiji yakan haura kilo 50, kuma yakan yi shekara 70 ko fiye. Dabbar kiwo ce. Cikinsa an yi shi ne don ciyawa mai kaushi da yake narkarwa a hankali, kwana da kwanaki. Saboda haka abin da zai cika buhun tanadinki ciyawa ce, sai ganye, sai kayan lambu kaɗan, 'ya'yan itace kuma su zo can ƙarshe.

Dalilin ture mangwaro baya shi ne sukari. Kilo 1 na tsokar mangwaro yana ɗauke da sukari wajen giram 140, sauran galibi ruwa ne. Idan ya bushe yakan dawo wajen giram 200, ruwan ya tafi, sukarin yana nan, wato kusan kashi 2 cikin 3 na abin da ke hannunki zaƙi ne tsantsa. Kunkuru zai cinye shi da marmari, ya ma riƙa bin ki yana nema, amma zaƙin yana rikita ƙwayoyin halittar da ke narkar masa da ciyawa a hanji. Abin da ke biyo baya kumburin ciki ne, zawo mai tsami, da yawaitar tsutsar ciki. Dabino da busasshiyar ayaba ma cike suke da sukari. Idan yara sun nace, yanka ɗaya ko biyu a wata ga babban ya isa, ƙaramin kuwa a ƙyale shi. Tuwo, shinkafa, burodi, wake da nama a daina gaba ɗaya. Suna cikin abubuwan da ake zargi da sa ƙoƙon baya ya fito tudu-tudu maimakon ya yi sumul, kuma suna wahalar da ƙoda.

Ciyawa ita ce babban aikin, kuma lokacinta ƙarshen damina ne, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba, tana kore ba ta gama fitar da 'ya'ya ba. Ki nemi kiri-kiri, burburwa, gude-gude, harkiya da kyasuwa. Ƙarangiya ma tana da kyau muddin an yanke ta kafin ta yi ƙaya. Kada a yanko ta a bakin kwalta, ko gefen gonar da aka yi wa feshi, ko wajen kwata. A yanka da hantsi bayan raɓa ta kama gabanta, a baza a kan tabarma ko zana, kaurin bai wuce yatsu huɗu ba, a juya sau 2 a yini. Wuni ɗaya a rana ya isa ya kashe ɗanyen, daga nan a mayar da ita ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa ta ƙarasa cikin kwana 3 zuwa 5. A wannan lokacin iska ba ta gama bushewa ba, don haka a shigar da ita ɗaki da dare. Alamar ta yi: ki murɗa dunƙule a hannu, ki ji tana ƙara, babu danshi a tafin, kuma launin yana da sauran kore. Wadda ta yi fari fat rana ta cinye amfaninta. Wadda ta yi ɗumi a tsakiyar tari ko take warin ruɓa an tara ta da sauran ruwa, a zubar.

Harawar wake da ta gyaɗa da ake sayarwa masu kiwon tumaki ba za ta maye gurbin wannan ba. Tana da sinadarin gina jiki fiye da abin da kunkuru ke buƙata, kuma yawansa, haɗe da ƙarancin ruwa, shi ne tushen tsakuwar mafitsara. Ɗan kaɗan cikin haɗi ba laifi, amma kada ta zama abincin kullum.

Sai ganye. Ganyen kuka yana da kalsiyam sosai, wato abin da ke gina ƙashi da ƙoƙon baya, kuma yana bushewa da sauƙi. Lalo, rama, ganyen kuɓewa da ganyen kabewa duk suna shiga. Zogale ma yana da kalsiyam, amma idan ya bushe kusan rubu'insa sinadarin gina jiki ne, don haka barbaɗa shi ake yi, ba a cika kwano da shi. Alayyafo da yakuwa suna da wani tsami da ke kama kalsiyam ya hana jiki amfana da shi, sai a rage su ƙwarai. Wanke ganyen a ruwa mai tsabta, ki tsane shi a kwando, ki baza a faifai ko tabarma a inuwa, ba a rana ba, domin rana tana kashe sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma ganyen da aka shanya a rana yakan koma ruwan ƙasa. Da hunturu kwana 2 zuwa 3 ya bushe har ya riƙa murmushewa tsakanin yatsu. Ki ajiye shi ganye-ganye, kada ki daka sai ranar amfani, gari ya fi saurin salancewa.

Wani abu da hannu ya saba yi a madafa kuma bai dace a nan ba: kada a sa kanwa, gishiri ko toka. Mata da yawa suna jefa ɗan kanwa idan za su sulala ganye don ya riƙe korensa. Ƙodar kunkuru ba ta iya fitar da gishiri da yawa, kuma a busasshen abinci ɗan kaɗan ma ya taru ya yi ƙarfi. Haka sukari, mai, yaji da magi.

Karoti da kabewa sun dace, kuma lokacinsu ya faɗo daidai. Daga Disamba zuwa Fabrairu kayan lambun Mirriya da Gidimuni suna cika Kasuwar Dole, lokacin ne kuma iskar hunturu ta fi bushewa. Ki zaɓi masu lafiya, wanda ya fara ruɓa shanya ba ta gyara shi. A wanke, a kankare, a yanka da kaurin milimita 5, duk iri ɗaya, domin idan wani ya fi wani kauri siraran za su bushe su bar masu kaurin da ruwa a ciki, su ne kuma ke jawo fumfuna a kwalba. Karoti yana son a turara shi minti 3 a madambaci, a tsoma a ruwan sanyi, a tsane. Wannan yana tsayar da abin da ke sa shi ya dusashe ya yi ɗaci a ajiya. Kabewa minti 2 ya ishe ta. Kuɓewa a yanka ta zobe-zobe, ba ta buƙatar turare. Kilo 1 na karoti yakan dawo giram 120 ko ƙasa da haka, kabewa ma ƙasa, don haka kada ki yi mamakin ganin kwando ya koma cikin tafi biyu.

Tumatir kuwa, ko da yake kauɗa sananniyar aba ce a gidajenmu, ba shi da wani amfani mai yawa ga kunkuru, ga tsami, kuma kilo 1 da ƙyar ya ba da giram 70. Bai cancanci wahalar ba. Salati da kankana kusan ruwa ne zalla, amfaninsu yana cikin ɗanyensu, idan sun bushe babu abin da ya rage. Ganyen tumatir, ganyen dankalin turawa, ɗanyen ganyen rogo, albasa, tafarnuwa da piya ba a ba shi ko kaɗan. Ki duba tsakar gida da cikin ciyawar da aka kawo kada a samu tumfafiya, zurma ko zaƙami, dukkansu guba ne, kuma bushewa ba ta raba su da dafinsu.

Wajen shanya, matsalar Damagaram ƙura ce da ƙuda da awaki, zafi kam akwai shi. A ɗaga shanyar daga ƙasa aƙalla rabin mita, a kan gadon kara ko katako mai raga, domin iska ta bi ta ƙasa da sama. A rufe da farin yadi mara kauri, a ɗaga shi kada ya taɓa abincin. Kada a yi amfani da gidan sauron da ake rabawa a asibiti, an jiƙa shi da maganin ƙwari. Kada kuma a baza kai tsaye a kan kwanon rufi, ruwan kayan lambu yana cin ƙarfen. Wanda yake so ya ƙara inganta aikin sai kafinta ya haɗa masa akwati: a shafa wa cikinsa baƙin fenti, a rufe sama da farar leda mai kauri ko gilashi a karkace, a huda ƙofofin iska ƙasa da sama a sa musu raga. Zafin da ake nema digiri 55 zuwa 60 ne. Idan ya wuce haka, kamar yadda yakan faru a Afrilu da Mayu in an toshe ƙofofin, bayan yankan yakan ƙandare ya kulle ruwa a ciki, ki ga kamar ya bushe, bayan sati biyu ya yi gashi. A irin wannan akwati karoti da kabewa suna yi cikin kwana 1 zuwa 2, a fili kuwa 2 zuwa 4. Karoti ya yi idan ya yi tauri yana karyewa. Mangwaro, in har za ki yi, ba ya karyewa, lanƙwasuwa yake, amma in an matse shi ba ya fitar da ruwa.

Kada ki rufe da ɗuminsa. Bari ya huce, ki zuba a kwalba mai murfi ba tare da kin cika ta ba, ki riƙa girgizawa kullum har kwana 7. Idan kika ga gumi a jikin kwalbar, a mayar shanya. Abin da aka shanya a fili yakan zo da ƙwan ƙwari da ido ba ya gani, sai a ɗaure a leda a sa a sashen ƙanƙara na firigo awa 48, in wutar lantarki ta yi hali. Daga nan sai wuri mai duhu da sanyi, nesa da murhu. Ciyawa a buhu mai shan iska, a ɗora kan katako saboda gara. Kada a kusantar da fiya-fiya ko wani maganin ajiyar hatsi. Ganye da kayan lambu suna kai wata 6 lafiya, abin da ya dace shi ne su ƙare kafin danshin Yuli ya shigo. Duk abin da ya yi fumfuna a zubar da shi duka, ba a tsince mai kyau daga ciki, domin dafin da wasu nau'o'in fumfuna ke fitarwa yana lalata hanta kuma wanki ko rana ba sa cire shi.

Wajen bayarwa ne aka fi yin ɓarna. Kunkuru yana samun yawancin ruwansa daga ɗanyen abinci, ke kuma kin cire ruwan, don haka sai kin mayar. A datsa ciyawar gajeru, santimita 2 zuwa 3 ga babban, ga ƙaramin kuma a murmushe ta. A jiƙa da ruwa mai ɗan ɗumi minti 15 zuwa 20, kayan lambu har minti 30, a tsane. Busasshen karoti da aka haɗiye haka nan yana kumbura a ciki. Haɗin ya zama kashi 8 cikin 10 ciyawa, sauran kashi 2 ganye ne da ɗan karoti ko kabewa. Yawan abincin yini, bayan ya jiƙa, tari ne da bai wuce girman ƙoƙon bayan dabbar ba. A ba su da hantsi bayan sun sha rana, a kan faranti ko dutse mai faɗi, kada su haɗa da yashi. Abin da ya rage da yamma a kwashe, jiƙaƙƙen abinci ba ya kwana.

Tunda sun saba da salati, za su iya juya wa ciyawar baya da farko. Ki yayyanka salatin ƙanana ki cuɗa shi da ita yadda ba za su iya tsincewa ba, ki riƙa rage shi cikin sati 2 zuwa 3. Babba mai lafiya kwana biyu ba tare da ci ba ba ya cutar da shi, amma ƙaramin kada a matsa masa haka.

Don kalsiyam, ki tafasa ɓawon ƙwai minti 10, ki shanya, ki daka ya yi laushi, ki barbaɗa abin da yatsu biyu suka ɗauka a kan abincin sau 2 ko 3 a sati. Ba ya aiki sai da hasken rana, saboda haka kada a kulle su a ɗaki, a dai tanadar musu inuwa da wurin haƙa rami. A ajiye ruwan sha a kasko mara zurfi kullum. Ƙaramin a riƙa zaunar da shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi da bai wuce haɓarsa ba, minti 15 kowace rana da rani, babban kuwa sau 1 ko 2 a sati. Farin abin da yake fitarwa tare da fitsari shi ne ma'auninki: idan yana da laushi kamar kindirmo, ruwa ya wadata, idan ya fito da tsakuwa-tsakuwa ko ya yi tauri, a ƙara jiƙo a cire zogale da harawa. Idan yana yunƙuri ba ya fitar da komai, ko ƙoƙon ƙaramin ya yi laushi, ko hanci yana kumfa a cikin sanyin Janairu, a kai shi wurin likitan dabbobi. Yara kuma su wanke hannu da sabulu duk lokacin da suka taɓa su, kuma a ware musu faranti da kaskon da ba ya komawa madafa, domin kunkuru yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa mutum zawo da zazzaɓi alhali shi yana lafiya ƙalau.