Wasan ban tsoro a PS4 da salula: wanne ya cancanci kuɗinka, wanne bai dace da yaro ba

Wani matashi daga Bukoki, nan Yamai, ya rubuto cewa ya sayi na'urar wasan bidiyo ta PS4 ta hannu, ya tara jaka ashirin, yana son wasan ban tsoro irin wanda mutum ke fafutukar tsira da ransa. Abokan fadarsu sun rarrabu: wasu na cewa Outlast, wasu Resident Evil 4, wani kuma ya rantse babu kamar sabon Silent Hill 2. Wanne zai saya?

Ƙanena, fara cire Silent Hill 2 daga lissafi. Wanda aka sabunta a 2024 bai fito a PS4 ba, haka ma sabon Dead Space na 2023. Idan ka shiga kasuwa ka dubi saman kwalin: na PS4 shuɗi ne, na PS5 fari. Faifan PS5 ba zai tashi a na'urarka ba, ko me mai shago ya gaya maka.

Saura biyu, amma ni na uku zan ba ka. Ka nemi Resident Evil 2, wanda kamfanin Capcom na Japan ya sake ginawa ya fitar a watan Janairun 2019. Na asalin ya fito tun 1998.

Ga dalilina. Abin da ke sa irin wannan wasa ya yi daɗi shi ne ƙunci. Jini da gawawwaki kowa na iya zubawa a allo, bayan awa ɗaya ido ya saba. Amma a ba ka harsashi shida, a nuna maka matattu uku masu tafiya a lungun da dole sai ka bi, a kuma ce jakarka gurbi takwas kawai gare ta, nan ne zuciya ke fara bugawa. Za ka ɗauki ganyen magani ko mabuɗi? Ka harbi wannan, ko ka kauce masa ka adana harsashin don abin da ba ka gani ba tukuna? Duk wanda ya taɓa riƙe cefanen gida a ƙarshen wata ya san wannan lissafin.

A Resident Evil 2 kana shiga ofishin ƴan sandan Raccoon City, garin da labarin ke faruwa, a matsayin Leon, sabon ɗan sanda a ranarsa ta farko, ko Claire mai neman yayanta. Ginin tsohon gidan tarihi ne, cike da ƙofofi a kulle. Taswira na nuna ɗakin da ka bar wani abu a cikinsa da ja, wanda ka kwashe kuma da shuɗi, don haka ka riƙa dubawa. Akwai wasu halittu masu dogon harshe da ke manne wa rufi. Makafi ne, da ji suke farauta. Ka taka a hankali ka wuce ta ƙarƙashinsu, yatsanka na rawa a kan manet, ba za su taɓa ka ba. Ka ruga, sun same ka. Daga baya sai wani ƙato mai hula da doguwar riga, da ake kira Mr. X, ya fara bin ka. Ba ya mutuwa. Takunsa kake ji a benen da ke samanka, ƙarar bindigarka kuma ita ke kiran shi. Ka sa abin saurare a kunne idan za ka yi wannan sashen, domin rabin wasan a kunne yake, lasifikar tele ba za ta nuna maka ta ina yake tahowa ba.

Ba na cewa ba shi da aibi. Da ka bar ofishin ka gangara magudanan ruwa na ƙarƙashin gari, armashin na raguwa. Faɗa da manyan dodanni ma bai kai sauran ba, zagaye ne da harbi. Kuma labarin Leon da na Claire suna maimaita juna a wurare da dama. Duk da haka kana samun zagaye biyu a faifai ɗaya, wanda kuma na Turai ne yana da Faransanci, magana da rubutu.

Sai batun da masu sharhin Turai ba su damu da shi ba, mu kuwa shi ne kan gaba: wuta. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowa ya san yadda kuran ke zuwa yana tafiya. Wasan yana da matakan wahala uku. A na tsakiya yana adana inda ka kai da kansa, kuma kana iya adanawa a keken rubutu na cikin wasan duk lokacin da ka iske shi. A mafi wuya babu adanawa da kai, sai ka sami ƙyallen tawada, shi ma a ƙidaye yake. Kada girman kai ya kai ka can a zagayen farko. A ɗauke wuta kana da awa guda ba ka adana ba, haushin da za ka ji ba na wasan ba ne. Ɗaukewar wuta daidai lokacin da na'urar ke rubuta ajiya na iya lalata ajiyar gaba ɗaya, shi ya sa nake cewa idan canji ya rage, ƙaramin akwatin batirin nan da ake haɗa wa kwamfuta, mai riƙe wuta ƴan mintoci, ya fi wasa na biyu amfani. Ka kuma ɗaga na'urar daga ƙasa, ka riƙa share ƙurar da ke toshe mata kafofin iska.

Outlast, na kamfanin Red Barrels da ke Kanada, ya fito a 2013. Ɗan jarida ne kai a gidan masu taɓin hankali, ba makami, sai kyamara mai gani cikin duhu da ke shan batir. Gudu kake yi kana ɓuya a ƙarƙashin gado ko cikin kabad. Awa biyun farko suna da firgitarwa ƙwarai, amma da ka gane dabarar sai ya zama abu ɗaya ake ta yi. Akwai kuma tsiraici da ƙazanta a cikinsa da ba za ka so ƙannenka su shigo su gani ba. Resident Evil 4 na 2023 yana nan a PS4, wasa ne mai kyau sosai, sai dai ya fi karkata ga harbi. Kana tara kuɗi kana sayen makamai, tsoro na raguwa gwargwadon yadda jakarka ke cika. Ka bar shi ya zama na gaba.

Wajen saye, faifai ya fi maka saukewa ta intanet, don Resident Evil 2 ya haura giga 20, kuma faifai kana iya musanya shi idan ka gama. Ka juya bayansa a haske ka duba ƙarzuwa, ka sa mai shagon ya saka shi ya tashi a gabanka kafin kuɗi su bar hannunka.

Wata uwa daga Tawa ta ce ɗanta mai shekara 12 yana zuwa shagon wasanni bayan lakwal. Kwanan nan yana farkawa cikin dare a firgice, ya ƙi kwana sai da fitila. Da ta matsa masa ya ce wasan matattu suke yi da manyan yara. Yanzu yana roƙon a saya masa a gida, wai idan ya saba tsoron zai tafi. Ta saya?

Hajiya, kada ki saya. Waɗannan wasannin ba don shi aka yi su ba, masu yin su ma sun rubuta haka a jikin kwalin. Ki dubi kusurwar ƙasa ta hagu, akwai lamba ta tsarin PEGI da Turai ke amfani da shi tun 2003: 3 da 7 kore ne, 12 da 16 ruwan goro, 18 ja. A bayan kwalin akwai ƙananan hotuna, dunƙulen hannu na nufin duka da kisa, gizo-gizo na nufin ban tsoro. Kayan Amurka kuwa harafin M za ki gani, wato daga shekara 17. Duk waɗanda na ambata a sama ja ne.

Zancen sabo kuma, babba yana jin tsoron ya ajiye manet ya sha shayinsa. Yaro yana tafiya da hoton har shimfiɗa. Abin da nake roƙonki shi ne kada a doke shi, domin ya gaya miki gaskiya, idan ya sha bulala a kanta gobe ɓoyewa zai yi. Ki bar masa fitilar, ki zauna kusa da shi ya yi addu'o'insa na barci, ki bari ya ba ki labarin abin da ya gani da rana tsaka. Babansa ko yayansa ya je ya sami mai shagon cikin mutunci, ya ce a riƙa ba yaron ƙwallo, a hana shi waɗancan. Ba sai an raba shi da wasa ɗungurungum ba; na ƙwallon ƙafa da Minecraft sun dace da shekarunsa. In firgitar ta ɗauki makonni ba sauƙi, ko ta fara taɓa karatunsa, a kai shi likita.

Wani ɗalibi daga Harobanda ba shi da PS4, salula kawai gare shi. An turo masa a WhatsApp wani fayil wai sabon Resident Evil 4 na Android. Ya buɗe?

Goge shi, ɗan'uwa. Capcom ta fitar da wannan wasan a iPhone 15 Pro a ƙarshen 2023, ba ta fitar da shi a Android ba. Irin waɗannan fayilolin kan nemi izinin karanta saƙonninka, ga shi kuma kuɗinka a wayar suke. Idan wayarka ƙarama ce, Granny na 2017 yana Play Store kyauta: kwana biyar gare ka ka fita daga gidan wata tsohuwa da ke jin duk abin da ya faɗi ƙasa. Hotonsa ba wani abin a zo a gani ba ne, talla ma tana damu, amma ya san yadda ake sa mutum ya yi sanɗa. Idan wayar mai ƙarfi ce, Alien: Isolation ya zo salula a 2021, na kuɗi ne, kuma yana cin fiye da giga 10. Ka duba jerin wayoyin da yake karɓa kafin ka biya, ka sauke shi inda akwai wifi.