Ga mai tambaya kan wasan mata zalla na yamma don taimakon mabuƙata a Jos

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, inda kika ce ke da ƙawayenki kuna son shirya taron rawa na mata zalla da yamma domin tara kuɗin taimakon marayu, amma kina fargabar ko mata za su fito, ko kuma a ce kun kawo baƙuwar al'ada. Shekara huɗu ke nan muna yin irin wannan a nan Jos, saboda haka zan faɗa miki abin da idona ya gani.

Abin ba baƙo ba ne. Iyayenmu mata sun kife ƙwarya a cikin ruwa sun kaɗa a tsakar gida, sun buga shantu, sun yi gaɗa a dandali tun suna 'yanmata, kuma har gobe yinin biki na mata ne. Abin da muka ƙara kawai shi ne kuɗin ƙofa da sanin inda zai tafi. Sai dai ki kula da suna: mu yinin zumunci muke ce masa, domin da zarar maigida ya ji kalmar fati, to maganar izini ta mutu. Kan hukuncin kiɗa kuwa malamai sun yi saɓani, don haka muka nemi shawarar malamar Islamiyyarmu tun farko. Akwai matan da ba sa zuwa saboda fahimtarsu amma suna aiko da gudummawa, kuma muna girmama su a kan haka.

Lokaci shi ne ƙashin bayan abin. Muna buɗe ƙofa da ƙarfe 3:30, a yi sallar La'asar a wurin, kiɗa ya fara ƙarfe 4, kuma ƙarfe 6 daidai a kashe na'ura ko da wasa ya kai ƙololuwar daɗi, domin kowa ta isa gida daf da Magariba. Garinmu yana kan tsauni, tsayinsa ya kai wajen mita 1,200, da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko, Keke Napep ta yi wuya, kuma duk wanda ya zauna a Jos tun 2001 ya san yadda dokar hana fita kan zo ba sallama. Matar da ta ce wa mijinta ko surukarta za ta dawo kafin Magariba, kuma ta dawo ɗin, ita ce za a bari ta zo na gaba. Ranar Asabar muke zaɓa don kada mu shiga Juma'a ko Lahadi, muna kauce wa watan azumi, haka nan Yuli da Agusta, lokacin da ruwan yamma kan tsare mutane a gida.

Zaɓen wuri a Jos sai an yi tunani. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni, ta yadda matar Anguwan Rogo ba za ta saki jiki ta shiga Anguwan Rukuba da yamma ba, ita ma ta can haka. Shi ya sa muke kama zaure a tsakiyar gari, kusa da Terminus, inda kowa ta saba zuwa cefane. Kwamitinmu ma rabi matan Islamiyya ne, wasunsu 'yan FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, rabi kuma 'yan Zumuntar Mata na coci, kuma kowane ɓangare shi ke sayar da tikiti a unguwarsa. Ba zan manta da wata dattijuwa 'yar Berom ba, wadda ta tayar da waƙar garinsu tana jan hannun wata Hajiya daga Gangare tana koya mata taku. Hajiyar ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta bi ta taku biyu gaba ɗaya baya, da ta kama sai ta rangaɗa guɗa, zauren ya ɗauka. Daga baya muka ji ashe sun yi maƙwabtaka kafin rikici ya raba su.

Yanzu ga inda muka taɓa yin tuntuɓe, kuma ina roƙonki ki riƙe shi da kyau. A karo na biyu ba mu hana waya ba. Wata baiwar Allah ta cire mayafinta ta taka rawa cikin 'yan'uwanta mata, wata kuma ta ɗauke ta ta ɗora a WhatsApp, kafin gari ya waye hoton ya isa hannun dangin mijinta. Sai da manya suka shiga tsakani kafin auren ya tsira, kuma a taron da ya biyo baya kujeru da yawa babu kowa. Laifinmu ne, domin mu muka ce mata ta saki jiki. Tun daga ranar, duk mai shiga takan miƙa wayarta a ƙofa, a sa a ambulan mai lamba a ba ta kati, sannan akwai waya guda a teburin kwamiti wadda muke ba kowa lambarta tun a tikiti, saboda a kira daga gida idan yaro ya tashi da zazzaɓi. Mai saka kiɗa mace ce, masu duba jaka mata ne, masu gadi da mai kula da janareta kuwa iyakarsu bakin get.

Idan kin ce taro na kowa ne, to ki duba abubuwan da ke korar mace ba tare da an ce mata kada ta zo ba. Anko na farko: mun soke shi, kowa ta zo da abin da ke cikin akwatinta. Babu teburin manyan baƙi. Muna neman zauren da ba shi da matakala, tun ranar da muka ga an ɗaga wata mai keken guragu kamar kaya, fuskarta ta canza. Kujeru muna jera su cikin da'ira, don tsohuwa mai ciwon gwiwa ta yi tafi tana zaune a ji da ita, ga lungu da tabarma ga masu shayarwa. Mai hali kuma takan sayi tikiti biyu, a ba wata bazawara ko mai takaba da ta fita na biyun a asirce.

Liƙi ma mun daina. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, ta haramta watsa naira a wajen biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu, kuma a 2024 an ga hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kansa. Ban da doka, liƙi yana kunyata wadda ba ta da shi. Ƙwarya mai faifai muke ajiyewa a gefe, kowa ta saka abin da ya sawwaƙa.

Kuɗin jama'a kuwa a bainar jama'a ake ƙirga shi. Minti 15 kafin tashi, mata uku da aka zaɓa nan take daga cikin mahalarta sukan ƙirga, a faɗi jimla da lasifika. Hayar zaure da man janareta da zoɓo da masa muna nema daga 'yan kasuwa tun kafin ranar, don kuɗin ƙofa ya tafi cif. Kada ki yarda a tura ko sisi a asusunki na kanki. Ku buɗe na ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, idan abin ya ɗore ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Kuma ku je ku tambayi waɗanda za ku taimaka abin da suke buƙata, domin gidan marayu na iya samun buhunan shinkafa alhali kuɗin makaranta da magani ne ke damunsu. Da muka ziyarci mata masu yoyon fitsari da ke jinya a asibitin Jankwano, waɗanda da yawansu daga garuruwa masu nisa suke zuwa, zane da sabulu da kuɗin motar komawa gida suka fi ambata. A taro na gaba muna karanta rasit ɗaya bayan ɗaya kafin a buga ƙwarya, kuma ba ma ɗaukar hoton maraya ko majinyaciya.

Ku fara da kaɗan, mata 30 a tsakar gidan da ke da katanga sun isa karon farko. Namu na gaba yana cikin Nuwamba in Allah ya kai mu. Ki zo da mutum biyu daga cikin ƙawayenki, ɗaya ta tsaya da mu a ƙofa wajen karɓar waya, ɗaya ta zauna wajen ƙirga, kuma ku taho da rigar sanyi saboda komawa gida.